Ƙugin Wutar Lantarki da Kunnen Bagobiri

Wannan ita ce laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Gobir, a zauren ƙungiyar ɗalibai.



Kafin in ce kome ina roƙon arziki guda ɗaya. Kowa ya yi shiru, ko tari kada a yi, har in ƙirga goma a zuci. Madalla. Waɗanda suke zaune a kusurwar gabas, ƙarƙashin tsohon dogon ƙwan nan da ya rage bayan an sauya sauran, lalle sun ji wani ƙugi ƙasa-ƙasa, zuuu, kamar ƙudan zuma ya faɗa tulu. Wannan ƙugi shi ne baƙonmu na yau. Da yawa daga cikinmu mun yi karatun dare a ƙarƙashinsa shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar daga ina yake ba. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne labari yake bayarwa game da lafiyar wuta da lafiyar haske, kuma wanda ya tashi a ƙasar da ake jin magana a bakin kotso ba shi da uzuri in ya kasa fahimtar wannan labari.

Na san akwai mai cewa a zuci, "Ƙasar da take cikin halin da tamu take ciki, ina ita ina zancen ƙwan lantarki?" Yana da gaskiyarsa. A watan Yuli na 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Agusta kuma labarin rasuwarsa a hannunsu ya iso mu, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutanenmu na Gatawa da Sabon Birni da Isa sun ga ƙaura, sun ga gonaki sun zama kufai, a yawancin ƙauyukanmu kuwa wutar gwamnati baƙuwa ce, inda ma ta taɓa zuwa ke nan. Ban manta da wannan ba, kuma zan komo kansa kafin in zauna. Amma ku yi mini haƙuri mu soma daga tushe.

Wutar da ke cikin batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwa a magudana. Wadda ke zuwa ta waya kuwa kai da kawo take yi, ta tafi ta komo, sau 50 a cikin sakan ɗaya. Masana suna kiran wannan awo da sunan Bajamushen nan Heinrich Hertz, mu kuwa a wannan zama sai mu kira shi bugu, kamar bugun zuciya. Bugun yana fitowa ne daga jujjuyawar manyan injuna irin na madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da na Jebba da Shiroro, da na tashoshin iskar gas da ke Kudu. Duk injunan da ke haɗe da babban layin ƙasa dole su juya tare, ƙafa ɗaya, kamar masu daka a turmi guda. Hukuma ta sauya suna da hannu sau da yawa, daga NEPA ta 1972, zuwa PHCN ta 2005, zuwa kamfanonin da aka sayar wa rarraba wuta a 2013, amma bugun bai sauya ba. Haka kuma bai san iyakar da Turawa suka shata mana ba, gama layin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Gazawa yana kai wuta Maraɗi, watau 'yan'uwanmu Gobirawan wancan ƙetare da mu ƙugi ɗaya muke ji idan wuta ta zo.

To, ina ƙugin yake fitowa? A cikin kwangirin tsohon dogon ƙwai akwai wani ɗan akwati mai nauyi wanda masu gyaran wuta suke kira cok. Ba kome ba ne illa waya da aka naɗe a kan faifan ƙarfe. Duk sa'ad da wuta ta cika ƙarfinta, ko a tafiya ko a komowa, ƙarfen yakan zama maganaɗisu, ya ɗan motsa ya saki, motsin da ido ba ya iya gani. Tun da yake sau biyu ake cika ƙarfi a kowane zagaye, ƙarfen yana girgiza sau 100 a sakan, iska ta ɗauki girgizar ta kawo kunne. Abin da ke faruwa ke nan a cikin taransifomar bakin kasuwa, sai dai muryarta ta fi kauri. Ƙugin da ake ji a lasifikar masallaci kafin ladan ya buɗe baki ɗan gidansu ne, amma shi wutar ce kanta take kutsawa cikin wayar makirfo, galibi domin ba a haɗa na'urar da ƙasa yadda ya kamata ba, ko an shimfiɗa wayar magana kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta.

Yanzu mu bar mai gyaran wuta mu je wurin makaɗi. Ɗauki gurmi ka kaɗa tsirkiya ɗaya, sa'an nan ka danne ta daidai tsakiya ka sāke kaɗawa. Rabin tsirkiya yana girgiza ninki biyu na cikakkiyarta, amon da zai fito kuwa kunne zai ce shi ne na farko, ya dai hau sama, kamar yadda uba da ƙaramin ɗansa suke rera abu ɗaya, wannan da babbar murya wancan da ƙarama. Wannan ita ce tazarar ɗaya da biyu, watau ninki, kuma ita ce tsakanin 50 da 100. In ka danne tsirkiyar ka bar kashi biyu cikin uku, sai ka sami tazarar biyu da uku, irin wadda ke tsakanin 100 da 150. Kusan wannan tazara ce ke tsakanin muryoyin nan biyu na kakaki, ta ƙasa da ta sama, waɗanda mai busa yake ɗora kirarin sarki a kansu, domin dogon bututun da ba shi da huda amon da tsawonsa ya yarda da shi kaɗai yake bayarwa. Girkawa sun danganta gano wannan lissafi ga Fisagoras, daga baya kuma malamin nan Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kansa da Larabci. Abin mamaki shi ne ƙugin wuta ma ba shi kaɗai yake tafe ba, yana tare da ƙannensa, 200 da 300 da 400, waɗanda suke ba shi wannan kaushi da ke cizon kunne. Ashe cok ɗin da ke bisa kanmu da kakakin fada doka ɗaya suke bi.

Ba duk duniya ce take kan 50 ba. Amurka tana kan 60, haka ma Saudiyya. Japan kuwa rabuwa biyu ta yi, domin a 1895 Tokyo ta sayo injuna daga Jamus masu bugu 50, a shekara mai bi mata Osaka ta sayo na Amurka masu bugu 60, har yau kuma haka ƙasar take. Saboda haka alhajin da ya tashi daga Isa ya sauka Makka, in da zai kasa kunne ga taransifomar da ke kusa da masaukinsa, zai ji ta fi ta gida siririyar murya, 120 maimakon 100. Tazarar biyar da shida ke nan, wadda take daidai da hawa uku a kan fiyano, inda aka raba ninki guda zuwa matakai 12. Namu ƙugin yana tsakanin amon da Turawa suke kira G da wanda ke bi masa, nasu kuma yana tsakanin B da wanda ke ƙasa da shi. Wani masanin kiɗa na Kanada, Murray Schafer, ya ba da labari a littafinsa na 1977 cewa in ya sa ɗalibai su natsu su fitar da amon da ya fi zo musu da sauƙi, na Amurka ta Arewa sukan faɗa kan B, na Turai kuwa kan amon da ke bin G, watau kowa muryar wutar garinsu yake kwaikwayo bai sani ba.

Wani zai ce duk wannan nishaɗi ne, ina amfaninsa ga mutumin Gatawa? Ga amfanin. Inda babu wutar gwamnati janareta ne sarki, shi ke riƙe da mai cajin waya, da mai walda, da mai aski, da mai sayar da ruwan sanyi. Ƙaramin janareta dole ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50, babba irin na asibiti kuwa galibi sau 1,500. Muryarsa ita ce shaidar gudunsa. Mataki ɗaya na fiyano bambancin kusan 6 ne cikin 100, saboda haka in mai walda ya ɗosana ƙarfe ka ji muryar injin ta faɗi mataki guda ta zauna a can, to wutar ta sauko daga 50 zuwa wajen 47. A wannan hali cok yana jan wuta fiye da ƙima ya yi zafi, fanka tana rage gudu, injin firji yana wahala. Inbata mai araha kuwa, wadda ake haɗawa da batirin sola, in ka ji fanka tana ƙara mai kaushi a kanta, alama ce wutar da take fitarwa tsalle take yi maimakon lilo, ƙannen nan da na ambata sun yi yawa. Ƙa'idar babban layin Nijeriya ta ce bugu ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25, in an matsu ƙwarai kada ya wuce 48.75 a ƙasa ko 51.25 a sama. In ya zarce haka injuna sukan zare kansu ɗaya bayan ɗaya, layi ya durƙushe, kamar yadda ya faru sau da dama a 2024. Ɗan hawa da saukar bugun nan ba ya maimaita kansa, har 'yan sandan London tun 2005 suke naɗar sa dare da rana, domin su gwada shi da ƙugin da ya maƙale a cikin muryar da aka kawo kotu shaida, su gane ranar da aka ɗauke ta, da ko an yanke wani abu a ciki.

Mu kuwa Allah ya hore mana kunnen wannan aiki tun a zanin goyo. Harshenmu da hawa da saukar murya yake rarrabe kalmomi. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da matsa tsirkiyoyin kotso da sassauta su mutanensa suke sa fata ta yi magana. Yaron da yake jin sunan ubangidansa a bakin kalangu ba zai kasa jin janareta ya faɗi mataki guda ba, in dai an gaya masa ma'anar abin da yake ji. Kunne ya girmi kaka, in ji magabata, ni kuwa na ce ya girmi mita.

Mu juya ga haske, gama abin da kunne yake ji shi ido yake sha. Dogon ƙwai, wanda ake kira fulorasan, ya shiga kasuwa a Amurka a 1938. A cikinsa akwai ɗan tururin zaiba. Wuta in ta ratsa tururin sai ya fid da wani haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita kuma ta karɓe shi ta mai da shi hasken da muke gani. Tun da yake wutar kai da kawo take yi, hasken ma yana dusashewa ya komo sau 100 a sakan, daidai da ƙugin cok. Ido ba ya kama wannan ƙiftawa, amma jijiyoyinsa suna jin ta. A 1989 Arnold Wilkins da abokan aikinsa a Ingila suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani ofis, inda aka riƙa sauya tsohon cok da sabon irin da ke kunna ƙwai sau dubbai a sakan, ba tare da ma'aikata sun san wane ne ke bisa kansu ba. Ciwon kai da gajiyar ido suka ragu da fiye da rabi a ƙarƙashin sabon. Ni da nake gabanku na yi shekarun makarantar kwana ina zargin idona da lalaci, ashe ƙwan ajinmu yana da nasa kason laifin. In ƙwai ya tsufa, bakinsa ya yi baƙi, ko wuta ta yi rauni sitata ya dinga ƙyas-ƙyas, ƙiftawar takan fito fili kowa ya gani.

Akwai haɗarin da ya fi ciwon kai. Haske mai ƙiftawa yana yaudarar ido a kan abin da ke juyawa, har wilin injin niƙa ko na injin yankan katako ya yi kamar yana tafiya a hankali, ko ma yana tsaye cik, alhali kuwa gudu yake yi. Yaron da ya miƙa hannu ya gyara bel a wannan hali ba sai na faɗi sauran ba.

Sai kuma maganar launi. Farin hasken rana ya ƙunshi dukan launukan bakan gizo. Hodar tsohon dogon ƙwai kuwa tana da rowar ja, shi ya sa fuska takan yi toka-toka a ƙarƙashinsa, nama a kan teburin mahauci ya yi kamar ya kwana, atamfar da aka saya da dare ta wayi gari da wani launi dabam. Masana suna auna gaskiyar launin fitila da maki, hasken rana 100, tsohon dogon ƙwai wajen 60, irin da aka kyautata hodarsa a shekarun 1970 kuwa 80 ko fiye. Ku ɗauki ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin karkara da tsakar dare. Da ido take duba ko jariri yana da shawara, da ido take buɗe fatar idon mai ciki ta ga ko jini ya yi ƙaranci, da ido take rarrabe jini mai kyau da wanda ya ɓaci. Fitilar da take yi mata ƙarya a kan ja da rawaya abokiyar gāba ce a ɗakin haihuwa, ko da ta haska ɗakin tar kamar rana.

Zamanin dogon ƙwai yana ƙarewa. A 2014 aka bai wa Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel saboda ƙirƙiro shuɗin LED, wanda shi ne uban fararen ƙwayayen da suka cika kasuwannin Sakkwato da Maraɗi. A 2023 kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018, suka yanke a daina ƙera fulorasan da shigo da shi zuwa 2027. Amma fa kada a yi saurin guɗa. LED ba shi da ƙugi, duk da haka mai arahar cikinsa, wanda aka tsuke wa kayan ciki domin riba, yana ƙiftawa sau 100 ɗin nan dai, wani ma fiye da tsohon ƙwai, kuma launinsa yakan karkata ga shuɗi mai sanyi. Da can ƙugi yana yi mana gargaɗi, yanzu ciwon ya koyi shiru. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. Kaɗa fensir da sauri a ƙarƙashin fitilar, in ka ga ya rarrabu kamar haƙoran mataji, tana ƙiftawa, in ka ga inuwa guda mai santsi, lafiya lau. Ko ka kusanta kyamarar waya gare ta ka duba ko baƙaƙen layuka suna ratsa hoton. Ƙwan da yake shan wuta kai tsaye daga batirin sola ya tsira daga wannan bugu, tun da wutar batir ba ta kai da kawo.

Yanzu na komo ga mai tambayar farko. Da yardar Allah wannan fitina za ta wuce, kamar yadda waɗanda suka gabace ta suka wuce, gama Gobir ta ga faɗuwar Alƙalawa a 1808 kuma ba ta ƙare ba. Ranar da za a sāke gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a Gatawa da ƙauyukanta, ba baƙi ne za su rubuta takardar kwangila ba, ku ne, waɗanda kuke zaune a nan da biro a aljihu. A ranar za a ce muku da babu gara ba daɗi, ku karɓi duk abin da ɗan kwangila ya kawo, tun da talaka bai saba da wuta ba. Ina roƙonku kada ku yarda. Fitila mai kyau da marar kyau bambancin kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da kuɗin ginin, kuma wanda ya daɗe a duhu shi ya fi cancantar haske na gaskiya.

Saboda haka ga abin da nake ba ku amana. In an kawo ƙwai, ku sa a rubuta a takarda cewa makin launinsa kada ya gaza 80, na ɗakin haihuwa da na duba marasa lafiya kuwa a nemi 90. Ku gwada shi da fensir a gaban ɗan kwangila kafin ku sa hannu. In an kawo janareta ko inbata, ku sa a ɗora masa dukan kayan da zai ɗauka, ku tsaya ku saurari muryarsa, ku duba mita ta tabbatar muku da 50. Tsofaffin dogayen ƙwayayen da aka cire kuma kada a zubar da su bayan aji yara su riƙa fasawa suna wasan takobi, gama zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A tara su wuri guda ba tare da an fasa ba, in kuwa ɗaya ya fashe a buɗe tagogi a fid da yara tukuna.

Shugaba, na ga kana duban agogo, kuma ƙwan kusurwar gabas bai fasa ƙuginsa ba. Ina fata daga yau duk wanda ya ji shi zai tuna sau 100 ne a sakan, ya kuma san abin da zai tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka yi ƙaura gidajensu, ya jiƙan waɗanda muka rasa.